Kada Ki Kashe Mashin Ɗin Baba

Turai,

Ƙarar da ta tarbe ki a tsakar gida ba injin niƙa ba ne, mashin ɗin marigayi Baba ne ya tashi bayan shekara sha ɗaya. A bugu na arba'in ya kama, kik ɗin kuma ya karye. Tayar baya tana wurin mai faci, balle a tura. In ya mutu, shi ke nan.

Na tafi Gummi neman wani kik. Don Allah kada ki kashe, ki riƙa ƙara mai da ludayi. Inna ta yi ƙaura maƙwabta da awakinta.

Da sabon ɗankwalinki na ɗaure totur don kada wutar injin ta sauka. Bar shi sai na dawo, mu yi faɗan gaba ɗaya.

Gidaɗo