Tsohon da Ya Miƙe Tsaye a Sinima

Lyon, ranar Lahadi bayan la'asar

Zuwa ga maigidana kuma sanyin idona, Nouhou.

Ya gawona mai fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe! Ya ruwan farko na damina, wanda ƙamshinsa ke isowa kafin saukarsa! Ya dabinon Bilma, mai zaƙin da ba ya ginsa! Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ina sanyin Paris? Ka ci abincin kirki kuwa, ko yau ma da burodi da shayi ka yaudari cikinka?

Na san za ka yi dariya, tunda da safen nan muka yi waya, ga ni kuma da takarda. Yi haƙuri, masoyi. Abin da ke raina yau ya fi ƙarfin waya, sai na zauna na shimfiɗa maka shi.

Jiya da rana na shiga sinima. Ana bikin tsoffin finafinai a garin nan, sai na ja Hajiya Maimouna, mai shagon atamfa a unguwar Guillotière, wadda ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun zuwana. Fim ne na Faransanci, baƙi da fari, an yi shi tun iyayenmu ba su yi aure ba. Miji da mata ne a gida mai kyau, babu yunwa, babu duka, babu zagi. Su zauna cin abinci, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Sannu a hankali matar ta samu wani a waje mai saurarenta. Mijin ya gane, ya yi kamar bai gane ba. Haka aka tashi, ba wanda ya ɗaga murya.

Amma mutanen zauren sun fi fim ɗin ɗaukar hankalina. Ɗalibai a bayanmu sai ƙyalƙyala dariya suke yi duk lokacin da mijin ya ɓoye fuskarsa a bayan jarida. Wata mata a gefena ta yi ta murza zoben aurenta har aka gama. Wani mutum ya tashi ana tsakiyar kallo ya fice, ya bar laimarsa a kujera. Hajiya kuwa, ka san ta! "Subhanallahi!" in ji ta da ƙarfi. "Wai su waɗannan ba su da dangi ne? Ba gwaggo, ba kawu?" Har wani ya juyo ya ɗora yatsa a baki.

Da aka kunna fitilu, aka ce mai magana ya yi magana. Wata budurwa ta ce aure kurkuku ne, matar ta yi daidai, aka tafa mata. Wani ya ce mijin ne abin tausayi, aka yi masa gunaguni. Nan Hajiya ta matso kusa da kunnena ta ce, "Raliatou, kin gani ko? Miji a Paris, mata a Lyon. Ki bar labon nan naki ki koma ɗakinki." Ta san shugaban labon, wato ɗakin bincikenmu, ya ba ni takardar ƙarin wa'adi, ta kuma san kai ne ka ce in karɓa kada in yi wasa da karatuna. Hasken raina, ba zan ɓoye maka ba, maganar ta soke ni. Na zauna ina tambayar kaina: nisan nan da muke cewa na ɗan lokaci ne, ashe zai iya cinye mu muna kallo?

Sai ga ɗakinmu na unguwar Goutte d'Or a Paris ya faɗo mini a rai, ranar da na sauka daga Damagaram ina amarya. Ka tuna? Ruwa na dukan rufin, ni ina rawar sanyi cikin rigarka ta ulu, kai kana tsaye kan tukunya wai za ka yi mini dambu. Ka yi ta surutu, daga labarin maƙwabcinmu mai kare zuwa yadda ake canja metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga nan ka koma kan kakarka da awakinta, har dambun ya kama, muka ci shi da ƙauri muna dariya har da hawaye. Kai da ba ka iya shiru ba! Kai da idan ranka ya ɓaci sai ka faɗa mini kafin ka cire takalmi! Wayyo, wace irin kewa ce wannan, da har ƙaurin tukunya nake marmari? Mutanen fim ɗin nan gado ɗaya suke kwana, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta Lyon da Paris, don mu jirgin ƙasa yana haɗa mu, su kuwa ko kalma ɗaya ba ta tsallakawa.

Ina cikin wannan tunani sai wani tsoho ya miƙe a layin gaba, yana dogara sanda. Ya ce tun yana saurayi ya fara kallon fim ɗin nan da wadda ta zama matarsa, kuma tun daga ƙofar sinima suka soma musu. Ita ta ce laifin mijin ne, tunda ya gani ya yi shiru. Shi ya ce laifin matar ne. Duk lokacin da aka sake nuna fim ɗin sai su yi ado su zo, su ɗora musun daga inda suka tsaya. Ya ce ta rasu a hunturun da ya wuce. Sannan ya ce, "Yau na zo ne da niyyar in ba ta gaskiya. To, na sake kallo da kyau, kuma ta yi haƙuri, ina nan a kan bakana."

Nouhou, ban taɓa jin dariya da kuka sun fito daga baki ɗaya irin na jiya ba. Ɗaliban nan masu dariya su suka fara tafi. Matar zobe ta rufe fuska da hannu biyu. Hajiya ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Wannan bawan Allah ya yi aure." Da muka fito muna jiran tram, jirgin cikin gari, sai ta dafa kafaɗata ta ce in sa hannu a takardar, amma kada in bari rana ta faɗi ban ji muryarka ba.

Saboda haka gobe Litinin, in Allah Ya yarda, zan sa hannu, kuma raina a kwance yake. Da safen nan na taka har inda kogunan Rhône da Saône suke haɗuwa. Kowanne ya ratso garin ta hanyarsa, kowanne da launin ruwansa, amma a ƙarshe ba ka iya cewa ga wannan ga wancan. Na daɗe a wurin ina yi mana addu'a.

Ga roƙona, ya tauraron asubahina. An ce wata mai zuwa za a nuna fim ɗin a Paris. Ka samo mana kujeru biyu. Ina gaya maka tun yanzu, ni ina bayan marigayiyar nan, laifin mijin ne. Kai ka ɗauki ɗaya gefen, ka riƙe shi da kyau, kada ka sakar mini don kana sona. Mu yi ta musu a metro, mu yi a kan matakala, mu yi a gaban 'ya'yanmu har su gaji da mu, mu yi da furfura da sanda. Ni kuwa na yi maka alkawari, duk abin da ya shiga zuciyata, mai daɗi ko mai ɗaci, kai ne za ka fara jinsa, kuma babu wani kunne a duniyar nan da zan kai wa abin da yake naka.

Ka gaishe da Kawu Hassoumi da mutanen shago. Ka sa rigar sanyi, don Allah.

Taka ce ni a Lyon, taka a Paris, taka duk inda Allah Ya kai mu, har ranar da ɗayanmu zai je kallo shi kaɗai,

Raliatou