Na'urar Shalele Tana Ɗakin Mama

Baban Shalele,

Na tafi aiki kana barci. Jiya likita ya ce kunnen Shalele na dama ma ya fara ja baya. Cutar CMV ɗin nan da aka haife ta da ita ce.

Da baƙi suka zo, Mama ta sake cire mata na'urar ji, wai kada a yi da mu. Na'urar tana ɗakin Mama, cikin gwangwanin allura. Na kasa ɗaukowa. Mahaifiyarka ce, kuma a gidanta muke zaune.

Don Allah ka karɓo ka saka mata. Kai za ka yi wa Mama magana, ba ni ba.

Ɗazu na kira yarinyar nan sau huɗu, ba ta waiwayo ba. Mama ta ce taurin kai ne. Na ce, "Haka ne, Mama."