Ba a Gaya Mini Rasuwar Hajiya Ladidi Ba

Zuwa ga Alhaji Dakta Nasiru Ɗanladi,
Shugaban Ƙungiyar 'Yan Jiharmu Mazauna Manchester da Birmingham.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da ɗawainiyar jama'a. Allah ya ƙara girma.

Sunana Rakiya Umar, matar abokinka marigayi Injiniya Sa'idu. Saboda masu karatu na faɗi haka, kai ka san ni. Kai ka ɗauko mu daga filin jirgi ranar da muka sauka ƙasar nan, kai ka yi wa 'yata Fa'iza huɗuba. Ina zaune a Gorton, ina aikin nas a wani asibiti da ke Oxford Road. Na nemi mu yi maganar nan tsakaninmu ban samu dama ba, shi ya sa na rubuta ta a fili.

Kowa ya san abin da ya faru a gida. Gwamna da mataimakinsa suka ɓata, majalisa ta dare biyu, aka yi ta shari'a har aka ce a koma rumfar zaɓe cikin gaggawa. Yayana Habibu ya bi ɓangaren mataimaki, har yana magana da yawunsa a rediyo. Kai da yawancin shugabanninmu kuna tare da gwamna. Ra'ayinku ne, ban ga laifinku ba. Ga abin da ya dame ni.

1. An cire ni daga group ɗin ƙungiya na waya ba tare da an ce mini komai ba. A cikin bas na gani, ina dawowa daga aiki. Da na tambayi sakatare, Malam Tukur, sai ya ce wai ana tattauna harkar kamfen a ciki, ana gudun kada magana ta kai kunnen yayana. Ranka ya daɗe, rabona da yin hirar siyasa da Yaya Habibu tun kafin in yi aure. Kuma ba don kamfen aka buɗe group ɗin nan ba. A nan muke jin an haihu, a nan muke jin wane yana asibiti, a nan ake faɗa mana inda za a yi sallar Idi.

2. Taron wata-wata na Handsworth. Tun Sa'idu yana raye ba na fashi sai in ina bakin aiki. Na tashi da sassafe na soya waina, na yi miyar taushe, na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham da kuloli a hannu biyu. Na tarar da ƙofar zauren a kulle. Ana yayyafi, na tsaya a bakin titi ina kiran matan da muka yi shekaru muna ci a kwano ɗaya. Ɗaya ce ta ɗauka, murya ƙasa-ƙasa ta ce an sauya wuri, ita ma ba za ta iya faɗa mini ba. Na kai abincin wurin Fa'iza, da yake a jami'ar garin take karatu, ƙawayenta suka cinye suna santi. Da za ta raka ni tasha ta ce, "Mummy, me muka yi musu?" Na ɗauki kulolina muka tafi.

3. Wannan shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Duk wanda ya daɗe a cikinmu ya san Hajiya Ladidi ta Handsworth, uwa ce ga kowa. Ita ta koya mini wankan gawa, kuma shekara da shekaru in mace ta rasu a cikinmu, ni da ita ake kira. Da Sa'idu ya rasu, ta baro gidanta da ciwon gwiwarta ta zo ta zauna da ni a flat ɗina a farkon takaba, ita ke girki, ita ke karɓar gaisuwa. Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, duk ranar hutuna nakan je. Zuwana na ƙarshe da take iya magana, ta kama hannuna ta ce ni take so in yi mata wanka, kada in bar ta a hannun wadda ba ta iya ba. Na ce mata in Allah ya yarda.

Hajiya ta rasu. A group aka sanar. Aka yi mata wanka, aka yi mata salla, aka rufe ta, ni ina Manchester ina raba wa marasa lafiya magani. Sai bayan kwanaki na shiga kasuwar Gorton sayen attarugu, wata baiwar Allah 'yar Ghana ta rungume ni tana yi mini ta'aziyya. Na ce ta'aziyyar wa?

Da na je gidan, babban ɗanta ya ce sun ɗauka na ga sanarwa. Yaran nan a nan aka haife su, ba su san ana rikici ba ma. Ya ce sun jinkirta wankan suna jirana, har wani daga cikin shugabanni ya ce musu a ci gaba, Rakiya ba za ta zo ba. Ban tambayi sunansa ba, ba na son in sani. Amma mutumin nan ya san an cire ni, kuma lambata tana cikin wayarsa.

4. Ranka ya daɗe, a cikinmu nan babu mai ƙuri'a ko ɗaya. Ranar da za a yi zaɓen, kai kana duba marasa lafiya, ni ma haka. Hajiya Ladidi har ta koma ga Allah ba na jin ta san sunan mataimakin gwamna. Su waɗanda ake wannan gaba dominsu, gobe za ka gan su a ɗaurin aure ɗaya suna tafawa. Suna da dangi cike da gari. Mu nan junanmu kawai gare mu. Yanzu in na dawo daga aiki, sai in wuni in kwana ban yi Hausa da kowa ba. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma gaisuwar bakin ƙofa ce.

Saboda haka ina roƙon abu kaɗan. A mayar da ni da sauran da aka cire, don na ji ba ni kaɗai ba ce. Masu kamfen su buɗe nasu group ɗin daban. Sanarwar rasuwa kuwa a kai wa kowa, ko da maƙiyi ne. Sannan ina roƙonka, da bakinka a gaban taro, ka gaya wa matan da suka yi wa Hajiya wanka cewa ba ƙin zuwa na yi ba, ban sani ba ne. Alkawarin ya riga ya wuce ni, ba zan iya cika shi ba har abada. Abin da ya rage shi ne kada a riƙa tuna ni a matsayin wadda ta saɓa shi.

Allah ya jiƙan Hajiya Ladidi, ya haskaka makwancinta. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya, ya ba jiharmu wanda ya fi alheri ko daga wane ɓangare ya fito. Kai kuma Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama da jama'a lafiya, ya sa ranar da taka ta zo kowa ya ji a kan lokaci.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Rakiya Umar,
Gorton, Manchester.