Babanka da Sojojin Gwamna

Ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Zainabu da yara? Ƙannenka lafiya lau, ƙafata da sauƙi, sai dai Babanka.

Tsufa ya mayar da shi ƙuruciyarsa a Gini Bisau. Da an buga ƙofa sai ya ɓuya, wai sojojin gwamnan Fotugal sun zo kamun aikin dole. Kullum nakan ce, "Malam, Turawan sun tafi, ƙasarku ta samu 'yanci tuntuni." Sai ya yi kukan murna, kafin la'asar ya manta. Jiya ya fice daga gida, can a unguwar Aziziyya ta nan Makka aka tsinto shi, ba takalmi.

Maganarka kaɗai yake yarda da ita. Ka aiko masa da saƙon murya cewa sojojin sun tafi, kafin ranar fita Mina, don zan tafi aikin yi wa alhazai girki, kuma ina tsoron barinsa. Ka sa mu a addu'a.

Mahaifiyarka