Matar Rariya Ta Je Kallon Ƙwallo

Litinin, 5 ga Mayu

Ƙungiyar garinmu ta kai wasan ƙarshe. Tun yamma ake ta hon a titi. Ni kuwa ban yi murna ba, don na san za a tono maigidana. Shekara ashirin da wani abu ke nan da ya tsare musu raga a irin wannan wasa, ƙwallo ta zame daga hannunsa ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, kofi ya tafi. Tun ranar ya koma Rariya a bakin mutane. Ni ma na zama matar Rariya, ina amarya, ko labulen ɗakina bai koɗe ba.

Da ya dawo daga shago ya ce, "Yaran sun yi ƙoƙari." Ya wanke hannu ya ci abincinsa.

Laraba, 7 ga Mayu

An fara. A rediyo sun sake sa muryar mai sharhin wancan wasan. Wani ya bugo waya ya ce mahaifinsa har ya rasu bai yafe ba. Wani ya ce sayar da wasan ya yi. Da sayarwa ya yi, ai da ba firijin mutane yake wuni yana kwancewa ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Mahauci ya miƙo mini leda yana murmushi: "Uwargida, a riƙe da kyau, kin san zubarwa a gidanku take." Na ajiye masa namansa a kan tebur na juya. Yana ta kira wai wasa yake. Wasan nan nasu ya girmi 'yata.

Lahadi, 11 ga Mayu

Sakataren ƙungiya ya zo har gida. Wai suna so tsofaffin 'yan wasa su fito fili su gaisa da jama'a kafin a take ƙwallo. Ban san lokacin da na leƙo daga kicin na ce ba inda za shi ba. Na tuna wa baƙon duwatsun da aka yi ta jifan kwanon gidanmu da su, da yadda babban ɗanmu ya canza makaranta saboda tsokana. Mutumin ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota.

Maigida ya ce, "Zan yi tunani." Da baƙo ya tafi, maigida ya ce wai ban ba mutumin ko ruwa ba. Da gangan ne.

Talata, 13 ga Mayu

Na same shi yana goge takalminsa na fita unguwa. Ashe an gama tunani.

Juma'a, 16 ga Mayu

Auta ta ce da ita za a je. Na ce in aka yi masa ihu fa? Ta ce, "Sai mu ji tare, Mama. Ya fi ya ji shi kaɗai." Yarinyar nan bakin kakarta ta ɗauko. To, ni ma zan je. Ba don ƙwallo ba. In wani ya jefe shi ina so in ga fuskar mutumin.

Asabar, 17 ga Mayu

Alhamdulillahi. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Kujerunmu suna kusa da fili. Na riƙe jaka kamar za a ƙwace. Aka fara kiran tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi tumbi, wani ma da sanda. Da aka kira shi, da sunansa na yanka, na rufe ido.

Tafi aka yi. Ba mai yawa ba, irin wanda aka yi wa na gabansa. Can sama wasu suka yi fito, wani ya ƙwala "Rariya", 'yan kaɗan suka yi dariya, shi ke nan. Samarin da ke bayana ɗaya ya tambayi ɗaya, "Wane ne wannan?" Ya ce masa, "Oho, wani tsohon gola ne." Suka koma kan wayoyinsu. Wallahi ban san ko murna zan yi ko haushi zan ji ba. Abin da na yi shekaru ina dakonsa a ka, rabin filin ma ba a haife su ba lokacin da ya faru.

Da ya hau ya zauna kusa da ni, wani dattijo mai sayar da ruwa ya tsaya a kansa. Na gyara zama, na ce ga shi nan. Sai ya ce, "Ina nan ranar da ka kaɗe fenariti biyu ka kai mu wancan wasan. Ba don kai ba ma ina za mu je har mu sha kaye?" Ya miƙa masa ruwa ya wuce. Maigida ya daɗe yana kallon robar bai buɗe ba.

Wasan kuwa ba wanda ya ci har kusan tashi. Sai ɗan wasanmu ya buga wata ƙwallo daga nesa, mara ƙarfi, ko ni zan kama. Golan baƙi ya durƙusa ya tare, ta suɓuce masa ta gangara raga.

Na tashi tsaye na yi ihu. Ni. Na rungume Auta, na rungume wata mata da ban sani ba, mayafina har ƙasa. Sai da na juyo na ga maigida a zaune, idonsa a kan yaron da ya kifa fuska a ciyawa. Na koma na zauna. Ashe haka abin yake da daɗi daga wannan ɓangaren.

Da aka tashi kowa ya yi wajen kofi, shi kuma ya sauka ya nufi ɗaya ragar. 'Yan garin yaron sun fara jifa da robobi. Ya tsaya tsakaninsu da shi, ya dafa kafaɗarsa, suka taka tare har ƙofar ɗakin canza kaya. Roba ɗaya ta same shi a baya, ko waiwaye bai yi ba.

A mota na tambaye shi me ya ce masa. Ya ce, "Na ce ya kashe wayarsa, ya ci abinci, ranar Litinin ya koma atisaye. Ni ban koma ba, abin da ya fi cina ke nan." Bai taɓa faɗa mini wannan ba. Ni a zatona korarsa aka yi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Muryata ta dishe. Babban ɗanmu ya bugo, wai ya gan ni a talabijin ina tsalle. Na ce wata ce mai kama da ni. Uban yana gefe yana dariya har da tari.

Na yi barcin rana mai nauyi, rabona da irinsa na manta.

Talata, 20 ga Mayu

Matar golan nan ta kira wayar maigida, ashe ya ba mijinta lambarsa, ya miƙo mini. Yarinya ce ƙarama, tana da ciki, tun Asabar ba ta leƙa waje ba. Ba ni da wata hikima da zan ba ta. Na ce ta fita ta yi cefanenta, mai magana ya yi. Na ce kar ta yi irin tawa. Muka daɗe, rabin hirar ma a kan kumburin ƙafa ne.

Alhamis, 22 ga Mayu

An ba shi tikiti biyu na wasan sada zumunci ran Asabar. Ya tambaya ko zan je. Na ce ina, rana ga hayaniya ga kujerun nan masu cin baya, sau ɗaya ya ishe ni. Ya ce to.

Na dai tambaye shi ƙarfe nawa ake takewa. Don in san lokacin da zan ɗora girki ne kawai.