Faifan da na rataye a gonar Bomo

Samaru, Zariya
Satumba, 2006

Zuwa ga ƙanwata Winifred,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, sanyin Kanada kuma bai ƙarasa ku ba. Allah ya ƙara tsare ku. Mu nan sai godiya. Uwargida Bibiana ta warke daga ciwon ƙafa, har ta koma yi mini faɗa a tsaye.

Kwamfutar da kika aiko ta ƙi tashi, kuma a cikinta hotunan marigayiya Mama suke, waɗanda za mu nuna a sujadar tunawa da ita wata mai zuwa. Kin san na takarda ruwa ya lalata su bara. Kwamfutar ta nemi sabunta manhajarta, na yarda, ta gargaɗe ni kada a kashe ta. Masu wuta ba su karanta gargaɗin ba, suka ɗauke ana tsakiyar aikin. Tun daga nan in na kunna sai allo ya yi shuɗi, ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Na karance littafinta kaf, na danna duk abin da ake dannawa.

Na kai ta Sabon Gari wajen Amaechi mai gyara. Ya ce aikin mai sauƙi ne in na kawo faifan asali da ta zo da shi. Nasa ba ya karɓar lambarta, sai dai ya goge komai, har da Mama.

To, ga inda kunyar take. Da tsuntsaye suka addabi geronmu a Bomo, ni na tashi da ilimina na yi wa Bibiana lacca cewa faifai in an zuba shi a kwamfuta ya gama aiki. Da hannuna na ɗaura masa zare na rataye a gona, wai ƙyallinsa ya kore su. Jiya na je na kwanto shi, rana ta ɓare masa baya. Amaechi ya jujjuya shi, ya ce, “Oga Sati, wannan sai dai ka mayar gona.”

Na hana shi goge komai. Don Allah ki nemo irin faifan ki aiko kafin ranar. Kada ki gaya wa mijinki, dariyar Brian har nan za ta iso. Geron kuwa tsuntsayen sun cinye, na ma tarar da ɗaya zaune a kan zaren.

Ki gaida Brian da Christabel da ƙaramar Stephanie. Bibiana na gaishe ki, ta tsaya a kaina sai da na rubuta gaskiya.

Yayanki mai gadin gero,
Sati