Jikana Ya Cika Littafi Bakwai, Uwarsa Ta Ce Sai Asibiti

Malama mai ba da shawara, ki taimake ni kafin 'yata ta ɓata mini farin ciki.

Ni tsohon kafinta ne. Sai da na haura sittin na shiga ajin yamma na koyi karatu, ki yi haƙuri da rubutuna. Jikana na fari shekararsa goma sha tara. Da can ba ya zama, daga ƙwallo sai surutu. Wata huɗu ke nan Allah ya shirye shi. Ya bar ƙwallo, ya sallami abokai, ya daina zuwa shagon gyaran wayar da yake aiki, ko tsokanata ba ya yi. Yana ɗaki yana rubutu, abinci ma sai an tuna masa. Littafi bakwai ya cika. Don murna na ƙera masa teburi da hannuna. Ya liƙe tagarsa da takarda don kada masu wucewa su kwashe masa tunani, kin ga mai basira ke nan. Wani lokaci yakan ji an kira shi alhali ba kowa, sai ya ce wataƙila kunnensa ne.

Na ɗauko littafi ɗaya a ɓoye na karanta. Kowace kalma na gane ta, amma in na haɗa su ba sa tafiya tare. Na san ƙarancin karatuna ne. Na kai wa malaminmu na ajin yamma, ya karanta, sannan ya tambaye ni ko yaron yana barci. Ashe malamai ma suna hassada.

Yanzu uwarsa ta kafe sai asibiti, wai haka ƙanena ya fara kafin ya shiga titi. To ai ƙanena bai iya rubutu ba. Yaya zan hana ta?

Kakan Marubuci

*

Baba, wasiƙarka ta fita tsaf. Wanda ya iya rubuta wannan, in ya karanta shafi bai gane ba, ya daina zargin ajin yamma.

Kana da gaskiya, rubutu ba ciwo ba ne, kuma ba duk matashin da ya yi shiru ne ke shirin taɓuwa ba. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Amma gudun mutane, barin aiki, liƙe taga, jin kira, ga kuma labarin ƙanenka, sun yi yawa a ɗaki ɗaya. Abin murna na gaske shi ne har yanzu jikanka yana cewa "wataƙila". Tun kalmar nan tana bakinsa taimako ya fi kamawa, da yawa kuma sukan koma harkokinsu lafiya.

Kada ka hana 'yarka, ka riga ta sa takalmi. A makon nan ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, ku faɗi komai har da na ƙanenka. Ka gaya wa yaron gaskiyar inda za ku, ba gardama, ba dariya, kuma kada a sake ɗaukar littafinsa a ɓoye. Teburin ka bar masa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa littafi na takwas ya zama wanda za ka karanta ka gane.